Shekarar da Muka Ƙi Yin Yaɓe

Yau kwana huɗu ke nan ba mu ga rana ba. Marka ta zauna mana a ka, ba ta zubowa da ƙarfi a huta, ba ta kuma ɗaukewa. Tabarma ta yi sanyi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Da hantsi ina zaune a bakin ƙofa ina gyaran ƙotar fartanya, rediyo na gefena, sai na ji an sako zaman majalisa. Wai 'yan majalisa sun kira wani kwamishina suna yi masa tambayoyi. Wannan ya tashi ya tambayi batun gidajen da ruwa ya rusa a mazaɓarsa. Wancan ya kawo maganar asibitocin ƙauye da jemagu suka gaje. Wani mai murya irin ta masu wa'azi ya ce tsofaffi na mutuwa a ɗakuna babu ko ƙwayar rage zafi, me aka tanadar musu? Kwamishina ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, ya ce an kafa kwamiti, za a kuma turo ma'aikata su zagaya su gani da idonsu.

Ladi, matata, tana tsugune tana fama da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, don Allah kashe abin nan, batir kake ƙonawa a banza."

Na kashe. Amma maganar ta riga ta tono mini wata damina ta shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. Ba na son tunawa da ita, ita kuma ta ƙi rabuwa da ni.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a ƙasar Taba. A lokacin mu biyu ne maza a gidan, ni da yayana Mamman, kowa da iyalinsa, sai mahaifiyarmu Inna. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ɗakin Inna soro ne, ginin ƙasa da rufin ƙasa a kan azara, Baba ya gina mata shi da hannunsa. In ban da Yaya, da ta je goyon cikinsa gidan iyayenta, duk a ɗakin nan ta haife mu, a ciki kuma ta yi jinyar Baba har ya cika.

Soro yana da sharaɗi guda: kowace bazara sai an hau an yi masa yaɓe. Tun ana shan ɗorawa mata ke tara ɓawonta, a daka, a jiƙa a tsohuwar randa har ruwan ya yi ja ya soma wari. Shi ne makuba. A haƙo jar ƙasa a kwaɓa da ruwan makubar da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, sannan a kira gayya. Wasu na cuɗa ƙasa da ƙafa, wasu na jefa curi sama, Audu Magini yana kan rufi yana cafewa yana shafewa, yana zagin duk wanda curinsa ya dawo ƙasa. A toshe tsaga, a gyara bakin indararo inda ruwa ke sauka, mata su kawo fura mai sanyi daga randa. A wuni ɗaya sai a gama gida uku. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin shekarar da aka tsallake ba.

A waccan shekara, bayan an kai amfanin gona gida, Inna tana sheƙar dawa a tsakar gida sai ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarinta na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace, amma magana na fita, hankali kuma garau. Muka kai ta asibiti a Makarfi. Likita ya duba ta, ya ce mu koma da ita gida mu riƙa juya ta, mu riƙa ba ta abu mai ruwa-ruwa, sauran na Allah ne. A hanyar dawowa ta kamo rigata da hannunta mai lafiya. Ni take yi wa magana, don Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, ko ido ba sa haɗawa.

Ta ce, "Auta, ka ji ni da kyau. Na gama yawo. In mutuwa ta zo, ta same ni a ɗakina, a kan gadona. Ka yi mini alkawari."

Na ce, "Haba Inna, ina kuma za a kai ki? Na yi."

Ta ce, "To. Kai ne da saurin baki."

Bazara ta shigo da zafinta. Rijiya ta ja baya har sai an ƙara igiya, kaji na yawo baki buɗe, gumi na tsiyaya ko kana zaune a inuwa. An tara ɓawon ɗorawa, an jiƙa, ni da Yaya mun haƙo ƙasa mun kwaɓa, an sa ranar gayya jibi. Sai na tafi kasuwar Kudan sayen iri. A can na tarar da kansilanmu tsaye a kan benci, jama'a sun kewaye shi. Ya ce ɗan majalisarmu ya miƙe a gaban kowa ya tambayi gwamnati har yaushe talaka zai riƙa kwana da fargabar rufi, har ya buga tebur. An kuma ba shi amsa: kafin ruwa ya sauka za a turo ma'aikata gida-gida, duk ɗakin da aka samu ya tsage za a ba shi kwanon rufi da siminti.

Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya riga ya yi yaɓe fa?"

Kansila ya yi dariya ya ce, "To Baba, wanda ya yi yaɓe ai ya nuna yana da hali. Tsaga za su duba."

Na dawo gida ko irin ban saya ba. Ni ne na yi firamare a gidanmu, ni ne mai rediyo, kaina na gaya mini na fi kowa sanin inda duniya ta dosa. Kuma Allah ya sani ba don kaina na so ba. So na yi Inna ta kwanta ƙarƙashin kwano, ta ji ruwa na kaɗa shi a sama ita kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na sami Yaya a gindin ƙasar da muka kwaɓa yana yayyafa mata ruwa, na ce a fasa.

Ya dube ni ya ce, "Sale, ka ga kwanon da idonka?"

Na ce, "Yaya, a majalisa fa aka yi maganar."

Ya ce, "Majalisar ce za ta hau ta tare ruwa?"

Na ce sati biyu kawai za mu jira, in ba su zo ba a yi yaɓen. Yaya mutum ne mai kawaici, bai iya jan magana ba. Da a ce ni kaɗai ne, da ya share ni ya kira mutanensa. To amma rabin ƙauyen sun ji abin da na ji. Wannan ya ce a jira, wancan ya ce a jira, gayya ta watse tun ba ta taru ba. Audu Magini ya biyo ta ƙofar gidanmu ya ga ƙasa na bushewa, ya girgiza kai ya ce, "Ni dai tun ina yaro ban taɓa ganin hadari ya jira takarda ba." Muka yi masa dariya, muka ce kasuwarsa ce za ta mutu.

Akwai abin da na yi wanda ko Yaya bai sani ba sai daga baya. Na ji wasu na ƙara buɗe tsagar ɗakunansu don ta fito sosai. Wata rana da tsakar rana, kowa ya fake wa zafi, na jingina tsani na hau soron Inna da lauje. Tsagar da ke kusurwar gabas siririya ce, da ƙyar tsinke zai shiga. Na bi ta da bakin lauje har ta ɗauki yatsa biyu. Ina cikin yi na ji muryarta daga ƙasa.

"Auta, yaɓen ne aka fara?"

Na ce, "Dubawa nake yi, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Sati biyu suka wuce, na uku ya bi su. Gafara sa dai muke ji, ba mu ga ƙaho ba. Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ruwan farko ya sauka da ƙamshin ƙasarsa. Washegari kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Wa zai zauna yaɓe ranar shuka? Daga shuka sai noman farko, daga shi sai maimai, hannu bai sake samun sarari ba. Ƙasar da muka kwaɓa ruwa ya wanke ta, ta bi kwata ta fita waje.

Daminar ta zo da yunwa. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin gero ya yi ciki. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, da rana sai kwaɗon tafasa ko faten tsaki mai ruwa wanda rama ta fi tsakin yawa. Mukan dawo daga gona ƙafa ta yi fari don zama cikin ruwa, ciki na kuka. Ɗan geron da ya rage aka ware shi don kunun Inna, ba mai taɓawa.

Ladi ce ta ɗauki jinyar. Da asuba ta ɗora ruwa, ta goge mata jiki, ta canja mata zane, ta juya ta. Da hantsi kunu da cokali, a hankali, don in aka yi sauri sai ta ƙware. Da azahar a sake juyawa. Matar Yaya na wanki, amma ina ranar da za ta busar? Sai a shanya zannuwa a kan igiya kusa da murhu, su bushe da warin hayaƙi. Duk da haka bayan Inna ya fashe, gyambon kwanciya ya fito mata biyu a ƙugu. Ladi na shafa man kaɗe tana hawaye. Matar da ta haifi bakwai ba a taɓa jin muryarta daga tsakar gida ba, yanzu in za a juya ta har zaure ake jin nishinta.

Ɗigon ya fara daga kusurwar gabas, daidai inda na sa lauje. Aka tara ƙwarya. Bayan kwana biyu aka ƙara tasa, aka ja gadon zuwa tsakiya. Na hau da leda na shimfiɗa, na danne da duwatsu, na liƙa ɗanyar ƙasa, ruwan dare ɗaya ya tafi da ita. Jiƙaƙƙen soro ba ya karɓar yaɓe, kowa ya san haka, ni ma na sani.

Muna da asibitin sha-ka-tafi a bakin ƙauye, ɗaki biyu. Tun da ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan rafi malamin asibitin ya daina zuwa. Na je na tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo, awaki sun fake a baranda. Mota ba ta shigowa, amalanke ma ba ta iya haurawa, balle a ce a mai da Inna Makarfi. Na tuɓe riga na ɗaura a ka, na ratsa rafin ruwa iya ƙirji, na taka har Kudan. Na sayo ƙwayoyin rage zafi a kemis, na biya gidan kansila. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi mai jiki, ya yi addu'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin na zuba."

Ya ce, "Madalla, ai shi ake nema. An sake tayar da maganar a majalisa, har da ta kwalbatinku, har da ta tsofaffi marasa lafiya. Ana kan magana. Kada ka taɓa ɗakin nan, Malam Sale."

Na fito daga gidansa na kamo hanya. A hanyar dawowa ne na yarda ganin hadari ya sa na yi wanka da kashi. Ƙwayoyin kuwa ba su yi mata komai ba, sai dai su sa ta amai.

Sai marka ta kama, irin ta yau, amma ta fi ta yau tsawo. Kwana bakwai sama a rufe. Katangu suka sha ruwa suka yi laushi. Kana zaune sai ka ji rugugi daga wata unguwa, sai salati, ka san wani ɗakin ya tafi. A ɗakin Inna babu sauran kwanon da ba a tara ba. Bargonta ya yi danshi, bango na zufa, ƙasan ɗakin ya zama taɓo. A rana ta bakwai bayan azahar Audu Magini ya shigo da buhu a ka. Ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya miƙe ya zunguri azara da sandarsa. Wani curin ƙasa ya faɗo tim a gefen gado. Ya ja mu waje.

Ya ce, "Mamman, ku fitar da ita kafin la'asar. Azarar ta sunkuya."

To a kai ta ina? Ɗakina soro ne, shi ma bai ga yaɓe ba, Ladi da yara a kusurwa ɗaya suke raɓewa. Ɗakin Yaya kuwa, don kunyar ɗan fari, ko gawarta ba za ta yarda a shigar da ita ba. Zaure kaɗai ya rage, don shi rufin ciyawa ne, Yaya ya sake masa jinka da bazara shi kaɗai, tunda babu wanda ya yi alkawarin ciyawa.

Na shiga na durƙusa na ce, "Inna, za mu ɗan kai ki zaure, har ruwa ya ɗauke."

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Inna, ɗakin zai faɗo."

Ta ce, "Ya faɗo. Ai a ciki na ce." Ta miƙa hannunta na hagu ta riƙe ƙarfen gado. "Auta, ka yi mini alkawari."

Ni na ɓamɓare yatsunta daga ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙarfi, amma duk wanda na cire sai ya koma. Yaya ya sa hannu ya ɗauke ta cak, shi da rabonsa da jikinta tun yaye. Ta runtse ido ta kau da fuska don kunya. Ladi ta lulluɓa mata tabarma, muka ratsa tsakar gida cikin ruwa. Aka kafa zana a gefe ɗaya na zauren, aka shimfiɗa ta a bayansa. Mun samu mun fitar da gadon da akwatinta, sauran muka bari.

Ana kiran la'asar ɗakin ya zauna. Ba wata babbar ƙara, rugugi ne mai nauyi, ƙasa ta ɗan girgiza, kaji suka watse. Inna ta buɗe ido ta ce, "Mene ne wannan?" Ta daɗe tana kallon jinka, sannan ta ce, "Ɗakina ne." Ba ta sake tambaya ba.

Kwana uku ta yi a zauren. Ta nan kowa ke shiga gida, ta nan kowa ke fita. Maza na wucewa da garma a kafaɗa suna rage murya, masu gaisuwa na tsayawa a bakin zana, awaki na kutsowa a kore su. In Ladi za ta goge mata jiki sai na tsaya a ƙofa in tare mutane a cikin ruwa. Matar da ta shekara hamsin maƙwabci bai ga ko gwiwar hannunta ba, ga ta kwance zana ɗaya tsakaninta da duk mai wucewa. A rana ta biyu na gaya mata komai, har da laujen. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na ji ka a sama ran nan. Na san ba ƙarar yaɓe ba ce." Ta huta. "Na yafe, Auta. Amma ka ga inda zan mutu, a hanyar mutane."

Washegari da hantsi ta cika, ana yayyafi. Masu haƙa kabari sai da suka riƙa kwarfe ruwa da ƙwarya. An ce yafiya na sauke nauyi. Ni dai tata ba ta sauke mini komai ba, har yau ina jin yatsun nan a hannuna.

Yanzu babu mai jiƙa makuba a ƙauyenmu. Audu Magini ya rasu, itatuwan ɗorawa an sare rabinsu an yi gawayi, gayya kuwa sai a bakin tsofaffi. Mai hali ya yi bulo da kwano, marar hali yana nan cikin ƙasar da ba wanda ya iya gyara ta. An yi sabon kwalbati, ruwa ya sake cinye shi. Sha-ka-tafi an yi masa fenti har sau biyu. Bara na ga matasa na bi gida-gida da waya suna ɗaukar hoton tsagar bango, wai za a tura sama. Gwiwoyina sun fara ƙi, Ladi ma numfashi na yi mata wuya in ta yi tafiya. Ni dai ban sa ko ɗaya cikin 'ya'yana ya yi mini alkawarin inda zan mutu ba.

A waccan shekara, ruwa na ɗaukewa Yaya ya ɗauki diga ya nufi kududdufi. Na ɗauki kwando na bi shi. Mu biyu muka yaɓe ɗakinsa da nawa da katanga, ba gayya, ba fura, mutane na wucewa suna cewa ihu bayan hari. Ɗakin Inna muka bar shi yadda ya zube, kabewa ta fito a kan tsibin.

Sai bayan an yanke dawa, hanya ta bushe, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka fito, ɗaya da fayil a hannu. Suka yi sallama, muka gaisa, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Suka ce su ne masu duba ɗakuna. Na kai su tsakar gida na nuna musu tsibin.

Mai fayil ya ce, "Wa ke kwana a nan?"

Na ce, "Mahaifiyarmu ce. Ta rasu."

Ya ce, "Allahu akbar. Allah ya jiƙanta." Ya buɗe fayil ɗinsa. "To Malam, ka ga fom ɗin na mai ɗaki ne, sai wanda ke raye."

Ya zagaya ɗakina, ya zagaya na Yaya, ya shafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya dubi indararo. Ya rufe fayil ɗinsa, fuskarsa a sake, da alama ya ji daɗin abin da ya gani.

Ya ce, "Kai, wannan yaɓe ya yi kyau. Ai ku ba ku da matsala a gidan nan."

Yaya ne ya amsa masa.

Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Wadda ke da matsalar ta tafi."

Ya raka su har bakin mota.